Akwatin Ubanki Yana Numfashi

Uwata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran da ban taɓa gani ba. Ni dai da sauƙi. Gwiwa ce kawai, sai kunnen hagu da ya tafi hutu bai dawo ba. Wannan rubutun hannuna ne, ban ba kowa ya rubuta mini ba. In kin ga harafi ya karkace, ki tuna baffanki bai zauna a aji ba, a bayan katako ya koyi rubutu da fensirin awo.

Shekara huɗu ke nan da muka binne ubanki, ko gaisuwa ba ki aiko ba. Sunan mahaifiyata gare ki, ba na iya yi miki faɗa yadda ya kamata, kin kuma san haka, shi ya sa kike yi. Na ji an ce yanzu ke ce mai haɗa wa manyan ɗakunan taro sauti a can inda kike. Kin gaji ubanki. To, aikin gadon ne ya taso.

Kin tuna babban akwatin lasifikar nan da ya zana, ni na haɗa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce? Wanda ba a ganin lasifikarsa, sai rami ɗaya a gaba. Wanda ya kunyata shi a gaban mai gidan sinima, ya ce aikina ne, na ce lissafinsa ne, daga nan muka daina cin abinci a kwano ɗaya har ya bar duniya. Yana nan a shagona, a kusurwar bayan benci. Babu waya a jikinsa, lasifikar da ke ciki ma ta ƙone tun ranar. Wata biyu ke nan yana numfashi.

Kar ki ce mafarki ne, da rana tsaka yake yi, bayan azahar. Kunne ba ya kama shi. A ƙirji nake ji, kamar wani ya ɗora tafin hannu yana dannawa a hankali. Ruwan da ke cikin kofina ya yi ta yin zobe-zobe. Ƙananan ƙusoshi a cikin gwangwani su kama raɗa. Kyanwar shagon, wadda ta haihu sau uku a bayan akwatin nan, ta kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ta bar mini wurin. Na sa bayan hannuna a bakin ramin. Iska ce ke fita tana komawa, da sauri-sauri, kamar ta mutumin da ya hau tudu. An ce haka ubanki yake numfashi a makonsa na ƙarshe. An ce ne, don ni ban je ba.

Kuskuren da na yi, na gaya wa ɗana, yayanki Akawu. Ya zo ranar hutunsa da safe da takalminsa mai ƙyalli, ya tsaya a bakin ƙofa minti biyu, ya ce, “Baba, ni ban ji komai ba.” Na ce ai kai ko magana ake maka ba ka ji. Yanzu shi da matarsa sun gama shawara: wai kaina ya fara taɓuwa, kuma mai irin wannan ba a barin sa da zarto. Za su rufe shagon su kai ni gidansa, ɗakin da ke kusa da banɗaki, in yi ta kallon talabijin har Allah ya karɓi abinsa. Ya ba ni wata huɗu in sallami masu aiki a hannuna. Shekara arba'in da shida ina buɗe ƙofar nan da hannuna.

Ba roƙo nake yi ba, tambaya ce. Me ubanki ya sa a cikin akwatin nan? Ki ba direban da ya kawo miki wannan takarda amsa, duk sati yana zuwa garinku ya dawo. Kar ki kira ni a waya. Akawu ne ya saya, kuma ba na jin abin da ake faɗa a cikinta.

Baffanki

* * *

Baffa,

Na amsa sallama. Muna nan lafiya. Yara uku ne yanzu, ƙaramin ya ɗauko goshinka, har da taurin kan. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Batun gaisuwa kuwa, ranar zaman makoki na durƙusa na gaishe ka, ka juya kana magana da wani. Na ɗauka amsata ke nan. A bar ta.

Baba bai sa komai a ciki ba sai lasifika da iska. Littattafan zanensa suna wurina, na buɗe na duba. Bari in faɗa maka abin da ya nufa, kai da ka haɗa za ka fi kowa ganewa.

Akwatin ɗaki biyu ne da bango a tsakani, lasifikar a ɗaure a jikin bangon. Ɗakin baya a rufe yake ruf. Iskar cikinsa tana tokare lasifikar kamar matashi, don kar ta yi ta lilo yadda ta ga dama. Ɗakin gaba shi ne mai bututu, kuma ta bututun nan kaɗai sauti ke fita. Ka tuna yadda muke hura bakin kwalba a ƙofar shagonka muna yara, kana korar mu? Kowace kwalba muryarta ɗaya ce. In cikinta ya fi girma, ko wuyanta ya fi tsawo, muryar ta fi zurfi. To ɗakin gaba kwalba ce, bututun shi ne wuyanta. Duk abin da lasifika ta faɗa a ciki, siririyar murya da ƙarar ƙarfe da sauransu, akwatin ya haɗiye. Abin da ya zo daidai da muryar kwalbar, da na kusa da shi sama da ƙasa, shi kaɗai ke samun hanya, kuma ya fito da ƙarfi. Shi ya sa ake yin irinsa don amo mai zurfi kawai, irin rugugin hadari da dukan babbar ganga. Abin da mai sinima yake so ke nan, 'yan kallo su ji tsawa a kujerunsu.

Illarsa ɗaya. Tunda a ɓoye lasifikar take, in tana shan wahala ba ka jin kukanta, sai dai ka ji ƙauri.

Ga inda ya shafe ka. Kwalba ba ruwanta da wanda ya hura ta. In akwai wani abu a unguwa da ke girgiza iska daidai da muryarta, za ta amsa, da waya ko babu. Kuma amo in ya yi zurfi sosai kunne yakan sake shi, ƙirji da ciki su ɗauka. Mutum ya ji ƙunci ko tsoro bai san dalili ba. Yakan taru a kusurwar ɗaki, ya ragu a bakin ƙofa. Ni ban ce kanka ya taɓu ba.

Ka bincika mini abu ɗaya. Wane babban inji aka kafa kusa da ku a watannin nan, wanda ake tayarwa da rana? In ka same shi, ka tambayi mai kula da shi juyi nawa yake yi a minti. A rubuce yake a jikin ƙarfen.

'Yarka

* * *

Uwata,

Ina gaishe ki da mutanen gidanki. Na ji yaro ya ɗauko goshina, Allah ya raya shi. Taurin kai kuwa ta wajen ubanki ya biyo. Ranar makoki ban gan ki ba. In ma na gan ki, to idona ne ya cika ban so a gani ba. Kin ce a bar ta, an bar ta.

Bayanin kwalba na karanta sau uku. Da ubanki ya zauna ya yi mini irinsa, da ba a kai ga haka ba. Kin san abin da ya ce ranar da ya miƙo mini zanen? “Yaya, kai dai ka yanka abin da na zana, ba sai ka gane ba.” A gaban mutum uku masu jiran aiki. Ni da na yi ta feƙe katako tun hannuna bai kai benci ba don shi ya je makaranta.

Yawon da kika sa ni na yi shi, da sanda. Layi biyu a bayan shagona, inda da ake ajiye siminti, an buɗe gidan ƙanƙara. Suna da janareta girman ɗaki, an gina masa gidansa an rufe, daga titi ba ka jin komai sai ɗan huci. Bayan azahar ake ɗauke musu wuta, sai su tayar. Makanikensu ya ɗauka satar sana'a na zo yi. Na ce yaro, dubi furfurar nan, ƙanƙara zan fara sayarwa yanzu? Da ƙyar ya leƙa ya ce dubu ɗaya da ɗari biyar a minti. Sun fara aiki daidai lokacin da abin ya fara mini.

Amma kar ki yi saurin murna. Na tsaya a jikin bangonsu, ƙasa ce kawai ke ɗan motsi a tafin ƙafa. Na shiga shagon tela da ke tsakanina da su, na zauna har ya fara yi mini kallon me ya kawo ka, ban ji komai ba. Sai nawa. Shekaranjiya ina goge ƙafar tebur ya fara, sai na ji an tsaya a bayana. Kin san yadda mutum ke sanin an tsaya a bayansa. Ban juya ba. Na ce, “In kai ne, faɗi abin da ya kawo ka, ina da aiki.” Ba a amsa ba. Da na duba ƙasa, garin katakon da ke gaban ramin ya taru layi-layi, kamar an ja yatsu a ciki. Na share. Kafin la'asar ya sake taruwa.

Ki rubuto a fili cewa injin ne, da manyan haruffa, in nuna wa Akawu. Saura wata uku.

Baffanki

* * *

Baffa,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkiri, ƙaramin ne ya kwanta zazzaɓi har muka yi kwanaki a asibiti, direba ya yi ta zuwa ba na nan. Ya warke, yana nan yana ɓarna.

Na so in rubuta abin da ka nema. Na zauna da lissafin, ya ƙi ba ni. Inji mai juyi dubu ɗaya da ɗari biyar a minti yana bugun iska sau ashirin da biyar a sakan ɗaya. Wannan shi ne irin wanda ƙirji ke ji kunne bai ji ba, ya yi daidai da abin da kake faɗa. Amma akwatin Baba, bisa zanensa, muryarsa tana wajen hamsin: bututu mai faɗin inci huɗu, tsawo inci shida. Da a hamsin yake amsawa, da kowa ya ji shi da kunne, har Yaya Akawu daga bakin ƙofa. Kwalbar da aka yi don hamsin kuma ba ta amsa ashirin da biyar da irin wannan ƙarfin.

Bisa zanen nan, akwatin ba zai iya yin abin da kake ji ba. Ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba, ko don kai ne.

Sai fa in abin da ke cikin akwatin ba shi ne a kan takarda ba. Kafin muryarsa ta sauka zuwa ashirin da biyar, sai bututun ya ninka na zanen wajen sau biyar. Ka zura tef ta ramin ka auna mini tsawonsa har ƙarshe. Aikin minti ɗaya ne.

'Yarka

* * *

Uwata,

Gaisuwa a taƙaice, don ba ni da doguwa. Allah ya ƙara wa yaro lafiya.

Sati biyar ina jan ƙafa zuwa tasha, direba yana girgiza mini kai tun daga nesa. Ranar da takardarki ta iso gwiwa ta hana ni fita, sai ya ba Akawu. Ya buɗe. Ɗan boko ba ya ganin ambulan a rufe ya ƙyale. Ya zo shago da ita, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin magana ɗaya: akwatin ba zai iya yin abin da kake ji ba. Ya karanta mini sau biyu, a hankali, yadda ake yi wa yaro. Ya ce, “Baba, ga wadda ka ce ta fi kowa sani.” Na ce ya karanta sauran, ya ce sauran lissafi ne. Ya kwashe zartuna da duk wani abu mai kaifi ya zuba a bayan motarsa. Ya bar mini guduma da samfefa, wai in rage zaman banza. Saura sati shida, ya ce babu ƙarin ko kwana ɗaya.

Na gode. Uba ya ce ba sai na gane ba, 'ya ta ce abin da nake ji babu shi.

Batun awo kuwa, ba zan auna ba. Shekara arba'in da shida ba a taɓa dawo mini da ƙofa don ta ƙi shiga gurbinta ba. Ranar da abin ya faru na ce wa ubanki ya auna kowane gefe a gaban mutane, ya auna, bai sami kuskuren ko rabin inci ba. Ba zan zura tef yau in tuhumi kaina ba don yarinyar da ni na yi wa gadon jarirai ta ce a auna.

Akwatin kuwa ya ƙara. Yanzu ko na kulle shago yana biyo ni a ƙirji har gida. Jiya na kama kaina ina numfashi tare da shi, da ƙyar na raba nawa da nasa. Na rataya buhu a bakin ramin, buhun ya yi ta rawa kamar rigar mai jin sanyi, abin ya fi muni, na cire. Na ɗauko guduma in fasa shi kowa ya huta. Na tsaya a gabansa har hannuna ya gaji. In na fasa, za a ga cikinsa.

Kar ki wahalar da kanki da amsa.

Baffanki

* * *

Baffa,

Ina gaishe ka, ko ba ka so. Yaya Akawu rabin takarda ya karanta. Na kira shi na gaya masa haka. Ya ce in akwai hujja a nuna masa ya gani da idonsa, in babu, ranar tana nan. Ba mugunta yake yi ba, tsoro yake ji kar a kira shi a ce ka yanke hannu.

Ka rubuta cewa in ka fasa za a ga cikinsa. Na daɗe ina kallon wannan layin.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Baba ya daina zargin ka tun a shekarar farko. Ya ce yayansa ba ya kuskuren awo, ko yana fushi. Sai ya juya kan kansa. Littattafan da ya bari bakwai ne, biyar daga ciki lissafin akwatin nan ne kaɗai, yana maimaitawa yana neman inda ya ɓata. Bai sake zana akwati ba, ya koma gyaran rediyo da fanka. Da na ce zan bi sana'ar, ya ce in nemi malami na gaske, shi kame-kame kawai yake yi. A gadon asibiti, yana magana da ƙyar, ya ce in sake duba masa shafin da ya naɗe. Na duba, Baffa. Na duba sau da yawa, da na'urorin da shi bai taɓa gani ba. Babu kuskure a ciki.

Ba ni da wata hanyar da zan tsare maka shagonka sai tsawon bututun nan.

'Yarka

* * *

Uwata,

Ina gaishe ki. Lafiya lau kam ba zan ce ba.

Ba sai na zura tef ba. Inci talatin da uku ne.

Ranar da ubanki ya ce ba sai na gane ba, na shimfiɗa zanen a benci na ga wani guntun bututu, ko tsawon hannuna bai kai ba, a jikin akwati mai kai wa mutum ƙugu. Ni kuwa abu ɗaya na sani tun ina yaro: ƙaho in ya fi tsawo ya fi amo. Na ce yaron nan boko ya rufe masa ido. Na samo bututun ruwa da gwiwar lanƙwasa shi guda biyu, na bar inci shidansa a miƙe daga baki, sauran na lanƙwasa ya bi jikin bango ta ciki. Na shafa baƙin fenti don mai leƙe kar ya gani. Na ce ya kawo lasifikar in ɗaura da kaina, shi ya haɗa wayarsa ta baya. Na rufe da gam da ƙusa. Ba don in ɓata masa na yi ba, Allah ya sani. Niyyata in an gama tafi, in ɓalle murfin in ce, ga aikin wanda bai gane ba.

Ranar gwaji mai sinima ya tara abokansa a kujerun gaba. Aka sa fim mai hadari. Akwatin ya yi wani ɗan gunaguni kamar mai ciwon ciki. Ubanki ya ƙara wuta, ya sake ƙarawa, gumi na bin wuyansa, har muka ji ƙauri. Yadda kika faɗa ne, lasifikar ba ta yi kuka ba. Mai sinima ya ce, “Injiniya, akwatin gawa ka kawo mana?” Suka yi ta dariya. Ubanki ya juyo ya kalle ni. Da na faɗa a lokacin, da faɗan kwana biyu ne. Sai na ce ya auna. Na san waje zai auna, waje kuwa babu kuskure.

Na ɗora akwatin a kura na kawo shagona, wai zan duba, alhali don kar wani ya buɗe ne. Kullum ina cewa gobe zan je in same shi. Da ya daina zuwa, sai na kama jin haushinsa don ya daina zuwa, haushin ya fi sauƙin ɗauka. Asibiti kuma ban je ba don na san in ya tambaye ni yana kwance, ba zan iya cewa ya auna ba.

Littattafai biyar ɗin nan ban san da su ba.

Ki yi lissafinki. In kin ga dama kuma kar ki yi. Ɗakin kusa da banɗaki bai yi wa wanda ya yi abin da na yi yawa ba. Saura sati biyu.

Baffanki

* * *

Baffa,

Inci talatin da uku ya ba da ashirin da biyar, kusan cif. Kanka lafiya yake.

Ka kira Yaya Akawu ranar aiki, bayan azahar. Ka zaunar da shi a kusurwa kusa da akwatin, ya sa hannu a bakin ramin. Sannan ka cusa tsumma ka toshe bututun tam. Kwalba in an toshe wuyanta ba ta da murya. Ka cire, ka mayar, har sau uku. Ka ba shi wannan takardar ya karanta duka, tare da wadda ka rubuto mini. Na mayar maka da ita a cikin ambulan ɗin nan. In ba tare da ita ba lissafin ba ya tsayawa, kuma ni ba zan ɓoye dalilin ba.

Sauran maganar ba ni da abin cewa yanzu. Da na gama karanta takardarka na tashi na warware shafin da Baba ya naɗe, na rufe littafin. Yafiyar ba tawa ce ni kaɗai ba, mai babban kaso ba ya nan. Ka ba ni lokaci.

'Yarka

* * *

Uwata,

Sallama da gaisuwa gare ki da yara da ubansu. Gwiwa tana nan yadda take. Lokacin da kika nema ki ɗauka, ba ni da bakin cewa ya yi yawa.

Akawu ya zo ranar Laraba da rigar ofis. Na zaunar da shi a kan gwangwanin fenti a kusurwa, yana ta duba agogo. Da abin ya fara na ga ya daina duba agogon. Ya taɓa ƙirjinsa, ya waiwaya bayansa, bango ne kawai. Ya ce, “Baba, mene ne wannan?” Na ce abin da babu ne. Na kama hannunsa na kai bakin ramin, ya fizge kamar ya taɓa wuta. Na cusa tsumma, ya tsaya cak. Na cire, ya dawo. A na uku shi ya ce ya isa.

Na miƙa masa takardun biyu. Ya karanta a tsaye, wannan karon har ƙarshe, babu jan biro. Ya fita ya buɗe bayan mota, ya kwaso zartuna, ya rataye kowanne a ƙusar da ba tasa ba. Ban gyara masa ba. A bakin ƙofa ya ce, “Baba Ƙarami ne ya koya mini keke.” Ya shiga mota ya tafi. Shago ya tsaya a hannuna. Tun ranar in ya gaishe ni ƙasa yake kallo, ni ma haka.

Ya ce in bar tsumman a ciki. Na bar shi kwana huɗu. Ban taɓa sanin shagon nan yana da irin wannan shirun ba, ina jin ƙarar haɗiyar yawuna. Rana ta biyar na cire.

Yanzu bayan azahar nakan ajiye aiki, in jawo kujera gaban ramin, in yi ta faɗa masa laifuffukana. Daga inci talatin da uku na fara, na bi da sauran, akwai su da yawa. Na san inji ne. Kin nuna mini, na kuma yarda da lissafinki yadda ya kamata in yarda da na ubanki tun farko. Sai dai tun da na fara faɗa an daina tsayawa a bayana. A gefena ake zama, ta wajen kunnen da ke ji.

Jiya makaniken gidan ƙanƙara ya tare ni a hanya. Ya ce ranar Talata za su kashe injin wuni guda su yi masa gyara, ya ce, “Tsoho, ranar kam za ka huta.” Na riga na gaya wa Akawu a gidansa zan wuni ranar, har ya tambaye ni ko lafiya. Tun da safe zan kulle shagon in tafi da makullin. In ya yi shiru ranar, ba na so in ji. In kuma bai yi shiru ba, ba na so in sani.

Baffanki